WANDA BAI RUBUTA CINIKINSA BA, WANI ZAI RUBUTA MASA

Laccar da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu masu cika wa mutane takardar haraji ya yi wa 'yan kasuwa. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

 Mun gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo, don mun sani sa'a guda a wajen ɗan kasuwa kuɗi ce.

Mu da muka tsaya gabanku yau ba ma'aikatan Gwamnati ba ne. Ba mu yanka haraji, ba mu kuwa karɓarsa. Sana'armu ita ce mu zauna da ɗan kasuwa, mu duba takardunsa, mu fid da ribar da ya samu cikin shekara, sa'an nan mu cika masa takardar da doka ta ce ya kai ofishin haraji. Waɗansu suna kiranmu akanta, waɗansu akawu, tsofaffi kuwa har gobe malaman haraji su ke ce da mu, suna faɗi suna harararmu. Ba mu ga laifinsu ba, sun ga jiya. Sun ga zamanin En'e, lokacin da a ke ƙirga kawunan mutane a yanka wa gari kuɗi dunƙule, dagaci da masu unguwa su raba wa talakawa yadda suka ga dama, talaka ba shi da bakin cewa bana gonata ba ta yi ba. Wanda ya kasa biya a shanya shi a rana, ko a sayar da akuyarsa, ko ya bar gari cikin dare. Bafilatani kuwa a bi shi har ruga a ƙirga shanunsa don jangali. Wannan shi ne abin da Malam Aminu Kano da mutanensa suka yi shekara da shekaru suna yaƙi da shi, waɗansu suka sha bulala, waɗansu suka sha ɗauri, har Allah ya kawo shekarar 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

To, wancan harajin kai ya tafi. Wanda ya shafi ɗan kasuwa yanzu harajin riba ne, watau a kan abin da ya rage masa bayan ya fid da uwar kuɗi da ɗawainiyar sana'a. Amma akwai wata ƙofa da tsohon zamani ya ke bi ya dawo, mu kuwa kowace shekara muna ganinsa yana shigowa ta nan. Ƙofar ita ce rashin rubutu. Doka ta ba ofishin haraji iko, in mutum bai kawo lissafinsa ba, ko ya kawo wanda ba a gamsu da shi ba, su yi masa ƙiyasi, su dubi girman shagonsa da motarsa su yanka abin da suka ga ya dace. Ƙiyasi kuwa ƙanen yankan dagaci ne. Wanda bai rubuta cinikinsa ba, wani zai rubuta masa, ba kuwa da rangwame ba. Wannan ita ce maganarmu ta yau, sauran duk bayani ne.

WA'ADI DA MA'AUNI

Bari mu fara da ranaku, don su ne tushen wahalarmu da taku. Wanda ya ke da ma'aikata yana biyansu albashi, doka ta ce ya kai lissafin harajinsu na shekarar da ta wuce kada ya haura ran 31 ga watan Janairu. Mutum a kan kansa kuwa, ko ɗan kasuwa ne, ko tela, ko dillali, wa'adinsa ran 31 ga watan Maris. Ɗan kasuwan da bai mai da sana'arsa kamfani ba, hukumar harajin Jihar da ya ke zaune ita zai kai wa. Kamfani kuwa na hukumar Tarayya ne, wadda a da a ke kira FIRS, yanzu aka sake mata suna NRS.

Ran 26 ga watan Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma daga ran 1 ga watan Janairu 2026 aka fara auna abin da mutum ya samu da sabon ma'auni. Ba mu zo yabon dokar ba, ba mu zo zaginta ba, wannan zancen wata rana ne. Amma wajibi ne ku san ma'aunin, don wanda bai san mudu ba shi a ke cuta a wajen awo. Naira 800,000 na farko cikin ribar shekara babu haraji a kansu, ko kwabo. Naira 2,200,000 da suka biyo baya, kashi 15 cikin 100. Naira miliyan 9 da suka biyo bayan waɗannan, kashi 18. Haka ya ke hawa, har ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman gidan haya an yarda a rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya a shekara kafin a auna, amma ragin ba ya wuce Naira 500,000. Wanda kuma ya ƙi kai takarda cikin wa'adi, tararsa Naira 100,000 a watan farko, sa'an nan Naira 50,000 a kowane wata da ya ƙara.

Ga misali, ku biyo mu a hankali. Mai sayar da atamfa ya yi cinikin Naira miliyan 12 a shekara. Kayan da ya sayar ya saro su a kan miliyan 9 da rabi. Hayar shago 400,000, kuɗin mota da dako 300,000, albashin yaron shago 300,000. In an fid da waɗannan duka, ribarsa Naira 1,500,000. A cire 800,000 da babu haraji a kansu, saura 700,000, kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 105,000. In kuma yana biyan hayar gida 300,000 yana da rasit, a ƙara rage masa 60,000, harajin ya dawo Naira 96,000. To, a ce wannan mutum ba shi da littafi, ba shi da rasit, aka leƙa shagonsa ana gobe Sallah aka tarar da shi maƙil da kaya, aka ƙiyasta ribarsa miliyan 5. Harajin miliyan 5 Naira 690,000 ne. Mutum ɗaya, shago ɗaya, shekara ɗaya. Tsakanin 96,000 da 690,000 babu abin da ya raba su sai littafin da ba a rubuta ba.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Yanzu ku ji yadda mu ke kwashewa da ku. Daga Janairu har tsakiyar Maris muna zaune muna korar ƙuda. Mu aika, a ce Alhaji ya tafi Legas sarin kaya. Mu buga waya, a ce sai an ci kasuwa. Sai saura kwana huɗu ko biyar wa'adi ya cika, sa'an nan ku taso gaba ɗaya kamar an kaɗa gangar yaƙi, kowa da baƙar leda a hannu, kowa yana cewa nasa ne na gaggawa. A 2025 azumi ya cinye watan Maris kusan duka, lokacin ne kuwa kasuwar tufafi da ta kayan abinci su ke ci, sabo da haka babu wanda ya waiwaye mu sai da aka sauko daga Idi. Ga zafin bazara, ga ɗaukewar wuta, ga shafin intanet na ofishin haraji da kowa ya taru a kansa rana ɗaya har ya ƙi buɗewa. Mun sha kwana a zaune muna jiran ya buɗe, mai shago yana gida yana barci, da safe ya zo yana faɗa wai mun yi masa sanya.

Sa'an nan a zazzage ledar. A ciki akwai rasit na sari, da katin ɗaurin aure, da takardar asibiti, da lissafin da aka rubuta a bayan kwalin sabulu babu rana babu wata. Ga kuma ƙananan takardun nan da na'urar POS ta ke fitarwa. Ku sani, rubutunsu ba da tawada a ke yinsa ba, zafi ne ya ke fid da shi, shi ya sa in sun yi 'yan watanni cikin aljihu ko cikin zafin shago sai su koma fari fat. Mutum ya kawo mana ɗaurinsu guda yana cewa ga shaidata, mu duba mu ga babu harafi ko ɗaya. In muka ce, "Alhaji, ina littafin ciniki?" sai ya dafa kansa ya ce, "Malam, ai lissafin a nan ya ke." Ba mu ce ƙarya ya ke yi ba. Mun san a cikinku akwai waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, amma in ana lissafi da ka sai su riga na'ura. Sai dai ba a ɗaukar kan mutum a kai ofis a buga masa hatimi.

ALJIHU ƊAYA

Babbar cutar da ta fi wahalshe mu ita ce haɗa kuɗin shago da kuɗin gida. Daga akwatin ciniki a ke fid da cefane, da kuɗin makarantar yara, da gudummawar biki, babu wanda ya rubuta. Ƙarshen shekara mai shago ya rantse bai ci riba ba, alhali ya ci, cikin tukunya ta tafi. Wani kuma akasin haka ne, yana ganin kuɗi suna shiga suna fita yana tsammani yana samu, ashe uwar kuɗin ya ke ci, bai sani ba sai da muka zauna da shi. Mun ga dattijo ya yi shiru ya daɗe bayan mun nuna masa lissafi, sa'an nan ya ce da ya san haka tun shekara biyu da suka wuce da bai ƙara shago ba.

Tun da aka yi ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ciniki da yawa ya koma ta waya da banki, sai wannan cuta ta sami sabon gida. Asusu ɗaya ne ya ke karɓar kuɗin ciniki, da zubin adashi, da ajiyar maƙwabci, da abin da ɗan'uwa ya aiko daga Saudiyya a kai wa tsohuwa. Wani dillalin hatsi ya zo mana jikinsa yana rawa. Masu saye daga Kudu suna turo masa kuɗi ya saya musu masara da wake ya loda a mota, shi kuwa abin da ya ke samu la'ada ce kawai a kan kowane buhu. Da aka dubi takardar bankinsa sai aka ga miliyoyi sun ratsa, aka ɗauke shi babban attajiri. Muka yi kusan mako biyu muna bin kowane kuɗi ɗaya ɗaya, muna neman direbobi da masu sito su ba da shaida cewa wannan na wane ne, wannan mota kaza ta ɗauka. Allah ya taimake shi yana da yaro mai rubuta lambar mota da yawan buhu a littafin makaranta, ba don kowa ya sa shi ba. Wannan littafi mai datti shi ya fid da shi. Ku riƙe wannan: ba duk kuɗin da ya shiga asusunka ne riba ba, bashi ba riba ba ne, ajiya ba riba ba ce, amma kai ne za ka nuna haka, kuma da takarda.

Haka zancen bashi. Rabin cinikin kasuwa a kan amana ya ke tafiya, a ba da kaya sai an sayar a kawo kuɗi. Wani ya kawo, wani ya gudu, wani ya rasu. Doka ta yarda a cire bashin ciniki da ya tabbata ya mutu, amma sai an ga wa aka ba, ran nan, nawa, da ƙoƙarin da aka yi na karɓowa. Mu ce ina shaida, a ce mana ai kunya ce a rubuta wa aboki bashi. Ya ku 'yan'uwa, malamanmu suna nan, ku tambaye su, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta ke. Abin da addini ya yi umurni da shi ba abin kunya ba ne.

RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Akwai kuma masu ɓoye mana. Mutum ya gaya mana shago ɗaya, ya ɓoye na biyu da ya sa sunan ƙanensa, ya ɓoye gidan da ya ke karɓar haya. Mu cika takarda bisa ga abin da ya faɗa, bayan wata uku wasiƙa ta zo daga ofis, ya taho yana huci wai mun jefa shi cikin masifa. Wanda ya ɓoye wa mai magani ciwonsa, wa ya cuta?

Waɗansu kuwa ba ɓoyewa su ke yi ba, fitowa fili su ke yi. "Malam, ka rage mana mana. Ka rubuta mun yi asara." Ko kuwa, "Ba ka san kowa a ciki ba? A ba shi na goro a wuce wurin." Wannan ita ce magana mafi nauyi a sana'armu, don sau da yawa mai faɗinta ya girme mu, ko abokin mahaifinmu ne, ko shi ne ya ke ba mu aiki mafi tsoka. In mun ƙi ya ɗauke takardunsa ya kai wa wani, ya kuma bi kasuwa yana cewa ba mu iya aiki ba. Mun yi asarar mutane da yawa ta haka. Amma ku duba, a ƙasan takardar nan mai ita ne ya ke sa hannu cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, mu kuma sunanmu yana jikin aikin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya rubuta asara shekara uku a jere alhali shagonsa yana ƙara faɗi, da hannunsa ya kira masu bincike. Wanda kuma ya ba da na goro, bai biya haraji ba, ya dai sayi ubangida ne, baɗi zai dawo, kuma farashinsa ya hau. Akwai hanyoyin ragi na halal, mun ambata muku waɗansu, kuma muna bin su har iyakarsu sabo da ku. Amma abin da babu shi ba mu iya halittarsa.

Wani kuma ya zo da fushi yana cewa, "Ni fa na biya!" Ya zaro tikitin kasuwa, da rasit na kuɗin rumfa, da na shara, da na allon shago. Gaskiya ne ya biya, kuma mun yarda karɓe-karɓen nan sun yi yawa, har mutum ba ya sanin wanne ne na doka wanne ne na 'yan sara. Amma waɗannan dabam, harajin riba dabam. Sai dai kada ku yar da su, ku adana, don abin da aka biya sabo da sana'a yana shiga cikin ɗawainiyar da mu ke lissafawa.

Ƙaramin abu kuma mai cin rai shi ne suna. Yanzu lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, ita ce a ke gane mai biyan haraji da ita. Sai ka tarar mutum ɗaya a katinsa Muhammadu ne, a banki Mohammed, a takardar shago Mamman, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Na'ura ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Gyaran wannan yana cin makonni, ba aikin ran 30 ga Maris ba ne.

WASIƘAR DA AKA SA ƘARƘASHIN TABARMA

Ku kasa kunne a nan, don nan ne talaka ya fi yin asarar haƙƙinsa. In ofishin haraji ya aiko maka da takardar abin da aka yanka maka, kana da kwana 30 ka rubuta ka ce ban yarda ba, ka kawo dalilinka. In sun ƙi saurara akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma dokokin 2025 sun kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biyan haraji. Wannan shi ne bakin da kakanninmu ba su da shi a gaban dagaci. Amma me mu ke gani? Wasiƙa ta zo da Turanci, mai shago ya karɓa gabansa ya faɗi, ya tura ta ƙarƙashin tabarma wai in bai buɗe ba kamar ba ta zo ba. Sai an zo rufe shago sa'an nan a tuna da mu. In kwana 30 ɗin nan suka wuce ba ka yi magana ba, abin da aka yanka ya zauna, ko da zalunci ne. Ranar da wasiƙa ta zo, ranar za ka kai ta a karanta maka.

NAMU LAIFIN

Ba za mu tashi ba mu faɗi namu ba, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A cikinmu akwai ɓata-gari. Akwai masu tsayawa a bakin ofis suna cewa za su samo maka takardar shaidar biyan haraji cikin kwana biyu. Takardar nan ta gaskiya harajin shekara uku da suka wuce ta ke nunawa, ita a ke nema wajen kwangila da wajen takardar mallakar fili. Wanda ya ba ka ita ba tare da ka biya komi ba, jabu ya ba ka, kuma ranar da asiri ya tonu kai za a kama, shi ya daɗe da ɓacewa. Akwai masu karɓar kuɗin haraji a hannu su ce za su kai, su kai rabi ko su cinye duka. Akwai masu cika takarda ba su karanta wa mai ita ba, su ce sa hannu nan kawai.

Sabo da haka ku tambayi duk wanda zai yi muku wannan aiki shaidar ƙwarewarsa. Akwai ƙungiyar ƙwararrun haraji ta ƙasa, CITN, wadda doka ta tabbatar tun 1992, akwai kuma ƙungiyoyin akantoci. Kada ku ba kowa kuɗin haraji a hannu, har mu da mu ke magana. Ku biya cikin asusun Gwamnati ta banki, ku karɓi rasit mai sunanku. Kuma kada ku sa hannu sai an karanta muku takardar da Hausa kun gane, an kuma ba ku kwafinku.

Mu ma muna da roƙo. Ku yi ciniki da mu tun farko, ku biya mu ladanmu in mun gama. Mutum ya kan biya ɗan dako nan take, amma wanda ya kwana uku yana warware masa lissafin shekara sai ya ce a dawo bayan Sallah. In kuma harajin ya fito da yawa, a sauke fushin a kanmu. Mai awo ba shi ya sa hatsi tsada ba.

ABIN DA MU KE SO KU TAFI DA SHI

Gobe da safe kowa ya sayi littafi mai kauri. A kowane shafi a rubuta rana da wata, a ja layi huɗu: abin da aka saro, abin da aka sayar, abin da aka kashe don shago, da bashin da aka bayar ko aka karɓo. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, mu za mu juya. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa ko yaron shago, minti goma ne kafin a rufe. Abin da aka ɗauka don gida a rubuta shi da sunansa. A buɗe wa shago asusunsa dabam. Rasit kuwa a soke shi a ƙusa ko a zuba a gwangwani, kowane wata da nasa, na POS a ɗauki hotonsa da waya tun yana sabo. Littafin ma a riƙa ɗaukar hoton shafukansa, kada ku manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016, wuta ba ta bambanta kaya da takarda ba. A ajiye takardun nan shekara shida, don haka doka ta nema. Sa'an nan ku zo mana a watan Janairu, ba ƙarshen Maris ba.

Iyayenmu mata masu sana'a a gida da masu rumfa, wannan magana har da ku. Da yawanku ribarku ba ta kai Naira 800,000 ba, watau babu harajin riba a kanku. Amma littafi ne zai faɗi haka ranar da wani ya zo da ƙiyasinsa. Kuma dukiyarki taki ce, kada a cakuɗa lissafinki da na maigida.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tebur ɗaya ba zai iya ɗaukar akanta shi kaɗai ba, amma layi guda na kasuwa in suka haɗa kuɗi za su iya ɗaukar mutum ɗaya amintacce ya riƙa zagayawa kowane wata yana duba littattafai. In an yi wa ɗayanku ƙiyasin zalunci, ku tafi tare da takardunku, ba da sanda ba.

Littafin nan ba don Gwamnati kaɗai ba ne. Shi zai gaya maka ko kana gaba ko kana baya, shi zai sauƙaƙa maka lissafin zakka, shi zai hana 'ya'yanka faɗa da abokan cinikinka bayan ranka. Wanda kuma ya ke riƙe da rasit na gaskiya, shi ne mai bakin tsayawa ya tambayi masu mulki, ina hanyar kasuwa, ina magudanar ruwa, ina motar kashe gobara, ina kuɗinmu suka shiga? Iyayenmu sun sha wuya kafin talaka ya sami ikon cewa ban yarda da abin da aka yanka mini ba. Kada mu bari wannan iko ya ruɓe a ƙarƙashin tabarma.

Wanda ya ke da tambaya muna nan zaune har a kira sallah. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu daga zalunci, ya tsare wasu daga namu.